"Rama cuta ga macuci ibada ne": me mutum yake saye da ramuwa?

ƊanNima_77
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da nake so masana cikinmu su warware mana. Muna cewa rama cuta ga macuci ibada ne, muna kuma cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma duka biyun a bakin dattawa ɗaya muke jin su. Ga abin da ke ɗaure kai. Mutum yana bin wani bashin sidi 300, kuɗinmu na Gana, wancan ya hana shi, har ya gaya masa baƙar magana a gaban jama'a. Sai ka ga mai bin bashin ya kashe sidi 1,000 a zirga-zirgar ofishin 'yan sanda, ya rufe shago kwana uku, alhali ya san kuɗin nan ba dawowa za su yi ba. Ka ce masa asara kake yi, ya ce ya sani, shi dai sai wancan ya gane kurensa. To mene ne yake saye da wannan asarar? Kuma idan ya rama, yana samun abin da ya fita nema?

ƊalibarLegon
Wa alaikumus salam Yaya. Halin da ka kwatanta an daɗe da auna shi. A 1982 wani masanin tattalin arziki Bajamushe, Werner Güth, da abokan aikinsa suka ƙirƙiro wani wasa mai sauƙi. A ƙaddara an ba mutum sidi 100 an ce ya raba da wani da bai sani ba, shi zai yanke nawa zai bayar. Na biyun zaɓi biyu gare shi: ya karɓa kowa ya tafi da rabonsa, ko ya ƙi, su duka su tashi a tutar babu. In riba kaɗai ake bi, ko sidi 5 aka miƙa maka sai ka karɓa, tunda 5 ta fi babu. Amma yawancin masu rabo kashi 40 zuwa 50 cikin 100 suke bayarwa, kuma idan tayin ya faɗi ƙasa da kashi 20, kusan rabin mutane ƙi suke yi. Ba su san juna ba, ba za su sake haɗuwa ba, babu mai kallo, amma sun yarda su rasa nasu don mai rowa ya rasa nasa.

A 2004 a birnin Zurich aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ci amanarsu a wasan kuɗi, daidai lokacin da suke yanke shawarar hukunta wanda ya cuce su. Sashen da ya motsa shi ne wanda ke motsawa idan mutum yana sa ran samun abin daɗi. Waɗanda sashen ya fi motsawa a kansu su ne suka fi zuba kuɗi don su hukunta. Wato kwaɗayin ramuwa kwaɗayi ne na gaske, kamar na mai jin ƙanshin abinci.

Baban_Sadiya
'Yata, wannan duk 'yan makarantar Turai ne da kuɗin wasa. Wanda ke fafutukar abin da zai ci yau a unguwar Tudu ta Akara ba zai ƙi sidi 20 don ya koya wa baƙo hankali ba.

ƊalibarLegon
Baba, tambayarka ce ta sa Joseph Henrich da tawagarsa suka fita da gwajin daga jami'a. A sakamakon da suka fitar a 2006 akwai al'ummomi 15: mafarauta a Tanzaniya, makiyaya a Kenya, masunta a Fiji, kuma har da ma'aikata a nan Akara. Kuɗin da aka sa ba na wasa ba ne, ladan aikin yini guda ne na wurin. Yawan hukuncin ya bambanta sosai daga wuri zuwa wuri, wannan gaskiyarka ne. Amma a ko'ina, gwargwadon yadda rabon ya karkace, gwargwadon yadda masu ƙi suke ƙaruwa. Har ɗan kallo da ba a taɓa shi ba yana ciro kuɗi daga aljihunsa don a rage wa mai zalama.

MalamNaFadama
Kafin a yi nisa a gyara abu ɗaya. "Rama cuta ga macuci ibada ne" karin magana ce, ba aya ba ce, ba hadisi ba ne. Da yawa suna faɗinta kamar nassi.

Abin da Alƙur'ani ya zo da shi yana Suratus Shura aya ta 40: sakamakon mummuna shi ne mummuna kwatankwacinsa, wanda kuma ya yafe ya gyara, ladansa yana ga Allah. A nan an halatta ramuwa, ba a ce mata ibada ba, kuma an ɗaure ta da sharaɗin daidaito. Suratun Nahli aya ta 126 ta maimaita sharaɗin, ta ƙara da cewa haƙuri ya fi. Ko a batun jini, Suratul Isra'i aya ta 33 ta ba waliyyin wanda aka kashe hujja, a take kuma ta hana shi wuce iyaka. Malaman fiƙihu suka ce kisasi hukuma ce ke zartar da shi, ba wanda aka cuta ba. Sannan akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa kada alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Idan alƙalin da ba a taɓa shi ba an hana shi, ina ga wanda ciwon yake jikinsa?

MaiLissafi_Madina
Allah ya ƙara ilimi Malam. Wannan "kwatankwacinsa" shi ne gaba ɗaya matsalar, domin jikin ɗan Adam bai iya auna shi ba. A 2003 a Landan, Sukhwinder Shergill da Daniel Wolpert da abokansu suka zaunar da mutane biyu-biyu. Na'ura ta danna yatsan na farko kaɗan. Aka ce masa ya danna yatsan abokinsa da daidai ƙarfin da ya ji. Shi ma na biyun aka ba shi umarni iri ɗaya, ba tare da ɗayansu ya san abin da aka faɗa wa ɗan'uwansa ba. Babu fushi, babu gaba, kowa yana ƙoƙarin yin adalci. Duk da haka a kowane zagaye ƙarfin yana ƙaruwa da kimanin kashi 38 cikin 100. Ku lissafa: zagaye biyu ya kusa ninki biyu, zagaye bakwai ya kusa ninki goma.

Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa tana rage maka jin abin da kai ka aikata da hannunka, saboda ta riga ta san yana zuwa. Shi ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli. Naka dukan kana jin sa da sauƙi, nasa kana jin sa da nauyi. Haka zagi, haka gori. Wanda ya rama yana ganin an yi kunnen doki, wanda aka rama a kansa yana ganin yanzu shi ke bin bashi. Da aka ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ba ƙarya aka yi ba, kuma sau da yawa mai ramuwar bai ma san ya ƙara ba.

Hajiya_Mamobi
Ku maza kuna ta maganar duka da 'yan sanda. Mafi yawan ramuwar da ke cin zangonmu ba ta da jini. Ba ki zo sunan jikata ba, ba zan zo bikin 'yarki ba. Kin ba ni atamfa mai araha a gudummawa, zan ajiye lissafi shekara huɗu in mayar miki da irinta a gaban mata. A daina gaisawa, a hana yara shiga ɗakin juna, a cire mutum daga adashi ba tare da an faɗa mata dalili ba. Wannan riƙo ne, kuma ya fi faɗa daɗewa saboda ba a taɓa furta laifin ba, balle a ba da haƙuri a kansa.

Mafi muni shi ne bayan mutuwar aure. Uba ya hana kuɗin makaranta don uwa ta ji a jikinta, uwa ta hana shi ganin yara don shi ma ya ji. An bar jaki ana dukan taiki. Yaron da ya zauna gida wata uku bai san abin da ya haɗa su ba.

Lauyan_Zango
Hajiya, a kan wannan na ƙarshe doka ba ta bar ƙofa ba. A ƙarƙashin Dokar Yara ta Gana ta 1998 ciyar da yaro da karatunsa haƙƙinsa ne a kan iyaye, ba ya faɗuwa don aure ya mutu, kuma kotun iyali tana yanke adadin da za a riƙa biya da ranakun ziyara.

Ga matasa kuma, ku san abin da ramuwa ke jawowa a takarda. Dokar Laifuffuka ta 1960, wadda ake kira doka ta 29, ba ta san "shi ya fara" a matsayin lasisi ba. Mari ko cakumar kwala cin zarafi ne a sashe na 84, ƙaramin laifi ne amma yana iya kai mutum kurkuku har shekara uku. In ka ji masa rauni da gangan an koma sashe na 69, babban laifi, har shekara goma. Fasa gilashin motarsa ko ɓarnata kayan shagonsa yana sashe na 172. Kare kai halal ne, amma yana aiki ne muddin haɗarin yana kanka. Da zarar ya juya ya tafi ka bi shi, ko ka koma gida ka ɗauko abu ka dawo, ka fita daga kare kai.

Akwai abin da ya dace da zancen nan sosai a sassa na 52 zuwa 54. Idan an tunzura mutum matuƙa har hankalinsa ya gushe ya yi kisa nan take, ana iya sauko da laifin daga kisan kai na ganganci zuwa wanda bai kai shi ba. Amma sassaucin yana faɗuwa idan an sami tazarar da mai hankali zai huce, ko kuma dama da niyyar a ransa. Wato doka tana tausaya wa fushin nan take, ba ta tausaya wa wanda ya kwana yana shiri.

Sai masu watsa hotunan tsiraicin tsohuwar budurwa ko tsohuwar mata a WhatsApp da TikTok don huce haushi. Dokar tsaron intanet ta 2020 ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku, kuma ba hujja ba ce cewa ita ta turo maka da kanta.

Nas_Polikilinik
Tambaya ta biyu ta ƊanNima ba a amsa ba tukuna: in ya rama, yana hucewa? A 2008 Kevin Carlsmith da Timothy Wilson da Daniel Gilbert suka shirya wasan kuɗi, suka dasa wani da zai yaudari kowa ya kwashe riba. Wasu aka ba su damar hukunta shi, wasu ba a ba su ba. Kafin nan mutane sun yi hasashen ramuwa za ta sanyaya musu rai. Da aka auna daga baya, waɗanda suka rama sun fi waɗanda ba su rama ba ɓacin rai, kuma sun fi ci gaba da tunanin mayaudarin. Wanda bai sami dama ba yakan ce wa kansa abin bai kai ya kawo ba, ya wuce. Wanda ya rama dole ya ci gaba da tuna girman laifin don ya gamsar da kansa cewa abin da ya yi daidai ne.

Shawarar nan kuma ta "fitar da shi, daki wani abu ka huce" ba ta da tushe. Brad Bushman ya gwada ta a 2002 da ɗalibai kusan 600 da aka fusata da gangan. Waɗanda suka daki buhun dambe suna tunanin wanda ya ɓata musu rai sun fito sun fi kowa fushi. Waɗanda aka ce su zauna shiru minti biyu ba su yi komai ba sun fi su hucewa. Abin da ke raya fushi shi ne tuƙa da warwara: a kwanta da maganar, a tashi da ita, a ba da labarinta a majalisar shayi sau biyar a yini. Kowace maimaitawa bugun zuciya yana sake hawa kamar yanzu abin ya faru. Masu hawan jini su kula da wannan musamman.

MalamNaFadama
Malama Nas, abin da kika kawo ya yi daidai da tsarin da Sunna ta koyar: neman tsari daga Shaiɗan, yin shiru, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa. Duk matakai ne na kwantar da jiki. Babu inda aka ce ka je ka daki bango.

ƊanNima_77
Na gode ƙwarai. Amma yanzu kun ƙara ɗaure ni. Idan ramuwa ba ta sanyaya rai, me ya sa wasu suke ramawa kuma ka ga da gaske hankalinsu ya kwanta? Ba za a ce duk ƙarya suke yi ba.

ƊalibarLegon
Yaya, amsar tana cikin kalmar da ka kawo tun farko: sai ya gane kurensa. Mario Gollwitzer a Jamus ya yi jerin gwaje-gwaje a kan wannan wajen 2009 zuwa 2011. Ya raba abu biyu da muke haɗawa: macuci ya sha wahala, da macuci ya san dalilin da ya sa ya sha ta. Mutanen da suka rama suka kuma sami amsa daga macucin mai nuna ya fahimci cewa halinsa ne ya jawo masa, su ne suka gamsu. Waɗanda suka rama amma macucin bai haɗa abin da laifinsa ba, ba su sami wannan gamsuwar ba. Ganin ya wahala kawai bai isa ba.

Ramuwa saƙo ce. Mai bin sidi 300 ba kuɗi yake bi ba, yana so a janye maganar da aka faɗa a gaban mutane, wadda ma'anarta ita ce kai ba kowa ba ne, ana iya taka ka a wuce. Shi ya sa ramuwar ɓoye, irin a sace wa mutum iskar taya da dare, ba ta kashe ƙishirwa. Saƙon bai isa ba. Shi ya sa kuma ban haƙuri na gaskiya na minti biyu yake kashe wutar da sidi 1,000 ba su kashe ba.

UbanAdashi_Kasuwa
Kada dai a mai da hukunci abin ƙyama gaba ɗaya. Duk wanda ya san adashi ya san in mutum ya kwashi nasa ya daina zubi aka ƙyale shi, zagaye na gaba mutum uku za su yi haka, na bayansa adashin ya mutu. Ernst Fehr da Simon Gächter sun nuna wannan a 2002. Mutum huɗu a rukuni, kowa da kuɗi 20, abin da aka zuba a asusun haɗaka yana ƙaruwa a raba daidai, har da wanda bai zuba ba. In babu hukunci, zubi yana ta raguwa zagaye bayan zagaye. Da aka ba da damar ka biya 1 a cire wa mai zamba 3, zubi ya hau ya zauna a sama. Kuma ana sauya rukuni kowane zagaye, wato wanda ya biya kuɗin hukuncin ba shi zai ci amfanin gyaruwar mai laifin ba. Fushin nan da muke zargi shi ke riƙe amana a kasuwa.

Abin da ke sa ya yi aiki a adashi shi ne a faɗi tarar tun ranar farko kowa ya ji: makara kwana ɗaya sidi kaza, sabon shiga shi ke kwasar ƙarshe, kowa ya kawo wanda zai tsaya masa. In an yanke tara bayan laifi ya faru, mai laifin zai ce don shi aka yi.

MaiLissafi_Madina
Alhaji, a ƙara da ɗaya rabin labarin. A 2008 aka maimaita irin wannan wasan a birane 16. A wasu, kamar Boston da Melbourne, wanda aka hukunta yakan gyara. A wasu, kamar Maskat da Atina, da yawa daga waɗanda aka hukunta sai su juya su hukunta masu zubi da yawa, don suna zargin su ne suka taɓa su. A irin waɗannan wuraren amfanin hukuncin ya ragu ƙwarai, kuɗi kawai ake ƙonawa. Hukunci yana gyara ne idan wanda aka yi wa ya yarda mai yin sa yana da hurumi. In bai yarda ba, sabon laifi yake gani.

Sojan_Ashaiman
Duk na ji, amma ku faɗi gaskiya. A unguwar da in an sace maka waya ka kai ƙara ba abin da zai biyo baya, sunanka shi ne katangarka. In aka san ana taɓa ka a kwana lafiya, gobe ƙaninka za a taɓa. Mai cewa a yi haƙuri yawanci gidansa da geti.

ƊalibarLegon
Yaya Soja, masana ba su musa maka ba. Richard Nisbett da Dov Cohen sun yi bayani a shekarun 1990 cewa al'adar saurin ramuwa tana tsiro ne inda dukiya take da sauƙin ɗauka, kamar dabbobi, hukuma kuma tana nesa. A irin wurin nan suna na "ba a taɓa shi" jari ne. Matsalar ita ce tsarin yana buƙatar ka rama ko da ba ka tabbatar ba, don jinkiri ma rauni ne a idon masu kallo. Daga nan kuskure yake shigowa.

Lauyan_Zango
Kuma mun ga inda kuskuren yake kaiwa. A watan Mayun 2017 a Denkyira Obuasi jama'a suka kashe hafsan soja Maxwell Mahama bisa zaton ɗan fashi ne. A Janairun 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai. Taron da ke ihun "ɓarawo" ba ya tsayawa tambaya, kuma kowa a cikinsa yana jin nasa jifan ƙarami ne.

MalamNaFadama
Akwai kuma ramuwar da ke tsallake mai laifi ta faɗa kan danginsa ko unguwarsa. Yaƙin Basus tsakanin ƙabilun Larabawa na Bakar da Taglib a Jahiliyya a kan raƙuma ɗaya ya tashi, ana cewa ya kai shekara arba'in. A huɗubar bankwana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke jinin Jahiliyya, ya kuma fara da jinin gidansu. Wanda ke da ikon ramawa shi ya fara ajiyewa.

Baban_Sadiya
Ba sai mun je Larabawa ba Malam. Rikicin Arewacin Gana na 1994 har yau ana ce masa yaƙin zabuwa, don musu a kan cinikin zabuwa a kasuwa kusa da Bimbila ne ya kunna shi. Zabuwar ashana ce kawai, maganar ƙasa da sarauta ce ta daɗe tana ci a ƙasa. An rasa rayuka dubbai, kuma sai a 1996 aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Kumasi. Yawancin waɗanda suka mutu ba su taɓa ganin kasuwar ba.

Dattijon_SabonZango
'Ya'yana, tunda an gane saƙo ake son isarwa, bari a faɗi yadda ake isar da shi ba tare da an zub da jini ba, da inda masu sulhu suke ɓata aikin.

Ba a fara haɗa su wuri ɗaya. A ji kowa shi kaɗai, a bar shi ya yi magana har ya gaji, kada a katse shi da "ka yi haƙuri". Sannan a tambaye shi abu biyu daban: me ka rasa a aljihu, me ka rasa a fuska. Na aljihu a rubuta shi da lamba. Na fuska a nemi ainihin kalmar da ta soke shi, domin sau da yawa cikin zagi goma ɗaya ce ta shiga, wadda ta taɓa uwa ko asali ko talauci. Mai laifi kuma a shirya shi a gefe tun kafin zama, ya san abin da zai furta. Ban haƙurin da ke aiki yana ambaton laifin da sunansa: na ce maka kaza a gaban mutane, ban kyauta ba. "In na ɓata maka rai ka yi haƙuri" ba ban haƙuri ba ne, kuma wanda aka cuta yana jin bambancin nan take.

Wurin ma yana da muhimmanci. Cin mutuncin da aka yi a bakin masallaci bayan La'asar ba a wanke shi a ɗaki da mutum uku. Aƙalla a samu biyu ko uku daga cikin waɗanda suka ji zagin su ji janyewar. In a zauren WhatsApp aka yi, a can za a janye. Kuɗi kuma a yanka su kashi-kashi da ranaku, a sa shaidu biyu, a ba mutum ɗaya aikin bibiya. Yarjejeniyar da ba mai bibiya tana mutuwa a biya na biyu, kuma gabar da ta biyo bayan karyewar sulhu ta fi ta farko tauri.

Babban kuskurenmu shi ne duba shekaru da aljihu maimakon duba laifi. A ce wa yaro ya durƙusa wa babba alhali babban ne ya ci haƙƙinsa, ko a ce wa mace ta yi haƙuri kafin a ji bakinta. Za su ce sun haƙura don kunyar manya, su tafi da abin a ciki. Wannan ba sulhu aka yi ba, an dai rufe miki da ƙuda a ciki.

Lauyan_Zango
Baba ya gama magana. Ƙari kaɗan: dokar sasanci ta 2010 ta amince da hukuncin gargajiya na sarki ko dattawa a rigimar da ba ta laifi ba, muddin ɓangarorin biyu sun yarda da kansu tun farko, kuma ana iya kai hukuncin kotu a yi masa rajista. Ko ƙara ta riga ta shiga kotu, sashe na 73 na Dokar Kotuna ta 1993 ya ba alƙali damar barin a sasanta ƙananan laifuffuka. Babban laifi, kamar fyaɗe ko mummunan rauni, ba ya shiga wannan ƙofar, kuma dattijon da ya danne shi a gida yana jefa kansa cikin matsala.

Hajiya_Mamobi
Baba, idan mai laifin ya ƙi zuwa fa? Ko ya fi ƙarfin masu kiran nasa? Mata da yawa abin da ya rage musu shi ne "Allah ya isa". Ni ban ɗauke ta rauni ba. Mace ta ɗauke shari'ar daga hannunta ta miƙa inda ba a ba da cin hanci, ta samu ta yi barci.

Nas_Polikilinik
Hajiya, ya danganta da yadda aka faɗe ta. Akwai wadda ta faɗa sau ɗaya ta rufe babin, ta koma sana'arta. Akwai wadda take faɗa kullum bayan kowace salla tana leƙen shafinsa ta ga ko masifar ta sauka. Ta biyun har yanzu tana cikin tuƙa da warwarar da aka ambata a sama. Alamar da za a duba ita ce barci da cin abinci: in an wuce mako biyu ba sa daidai, kuma tunanin yana hana aiki, a je asibiti a nemi sashen masu ba da shawara kan damuwa.

Sojan_Ashaiman
Har yanzu ba a amsa mini ba. Baba ya ce a kira mai laifi. Wanda ya ƙwace wayar ƙaninka a kan babur da dare, wa zai kira shi?

Dattijon_SabonZango
Ɗana, wannan ba na zaure ba ne, na hukuma ne. Ka kai rahoto a ranar, ka karɓi takardar shaidar rahoton, ka ba su lambar jikin wayar mai lamba 15 da ke kan kwalinta, ka je kamfanin layi a toshe layin kafin a taɓa kuɗin da ke ciki. In an gane yaron ɗan unguwa ne, sarkin zango da limamin unguwarsu su je wurin iyayensa tare da ɗan sanda, ba abokanka ba. Ita kuma tambayar Hajiya, in ya ƙi zuwa kira na farko a aika masa wanda yake jin kunya, kawunsa ko malamin da ya karantar da shi ko ubangidansa a kasuwa. In ya ƙi sau uku, a rubuta ranakun da sunayen 'yan aiken, a ba wadda aka cuta takardar ta tafi da ita kotu.